Mati da Igiyar Kyalle

Shekara arba'in da 'yan kai Mati ya yi yana jan kare da igiya kafin ranar da kare ya fara jansa.

Mutumin Maska ne, ƙasar Funtuwa, manomi ɗan manomi. Da damina yana gona kamar kowa, masara da dawa da 'yar auduga. Amma da an kai amfani gida aka buga gangar farauta, to sai ka nemi Mati ka rasa. Ya rataya gora, karnuka uku ko huɗu na biye, sai daji. Tsohonsa ya yi faɗa, ya yi duka, har wurin malamai ya je a taya shi addu'a ko Allah zai raba yaron nan da karnuka. A banza. Da aka yi masa aure aka ce to, yanzu kam zai natsu. Ina! Amarya Suwaiba ba ta yi mako biyu a ɗaki ba ya bi 'yan farauta dajin Mahuta, ya dawo bayan kwana uku da gada a kafaɗa, ƙaya cike da ƙafa. Ta cire masa ƙayar, ta dafa naman, ta kuma gaya masa maganar da ba ya son ji. A haka suka zauna har suka haifi 'ya'ya shida, suka aurar, suka yi furfura.

A fagen farauta ba da ƙarfi aka san shi ba, don Mati siriri ne kamar sillen kara. Ba kuma da asiri ba, ko da yake ana faɗa. Da hannu aka san shi. Ɗan farauta ba ya ƙulle igiya a wuyan karensa. Zura ta yake yi ta cikin zoben abin wuya, ya ninka ta biyu, ya haɗa bakin biyu ya riƙe. Da zomo ya tashi sai ya saki baki ɗaya, igiya ta zare sumul, kare ya wuce, ita kuma ta rage a hannunsa. Wanda ya riga saki, karensa ke riga kai wa nama, naman kuwa na wanda karensa ya fara kamawa ne. To a nan babu mai kama ƙafar Mati. Wasu sai sun ga zomo, sun yi ihu, sannan su tuna akwai igiya a hannunsu. Shi kuwa da kare ya ɗan yi zillo, yatsunsa sun buɗe tun kafin idonsa ya ga abin da ya tashi. Har rigima ake yi da shi, wai ya saki kafin lokaci. Ya ce su je su tambayi zomon.

Ido ne ya fara cin amanarsa, shekara huɗu da suka wuce. Ba ciwo, ba ƙaiƙayi. Gefe-gefe ya fara rufewa, har ya koma kamar mai leƙe ta kafar ƙofa. Ya ɓoye wa kowa, sai ranar da ya yi karo da turmi a tsakar gida da rana tsaka, Suwaiba ta ajiye tankaɗe ta zuba masa ido. Ɗansu Murtala, mai shagon kayan babur a Funtuwa, shi ya ɗauke shi zuwa asibitin ido a Kaduna. Likita ya haska, ya auna, ya ce hawan jinin ido ne, kuma an zo a makare; abin da ya tafi ya tafi, sauran ma yana hanya. Kafin damina ta sake zagayowa, Mati ba ya sanin gari ya waye sai ya ji kiran salla.

Sai masu tausayi suka taso, kuma wallahi masu tausayi sun fi ciwon wahalar da mutum. Wannan ya ce a ba shi jika ta riƙa riƙe masa sanda kamar yadda aka saba. Mati ya ce ba zai cire 'yar kowa daga makaranta ta zama idonsa ba. Wancan ya ce ya riƙa zama a ƙofar masallaci, ai jama'a ba za su bar shi haka ba. Mati ya tambaye shi ko ya taɓa jin wani daga gidansu ya miƙa hannu. Murtala kuwa cewa ya yi ya gyara ɗaki a gidansa na Funtuwa, da katifa da fanka, Baba da Inna su koma can su huta, gonar a ba wani ya noma.

"In huta da me?" in ji Mati. "Ido na rasa, ba ƙafa ba. Gonar da ubana ya sare da gatarinsa, ni ma na zuba mata gumin shekara hamsin, ita zan bar wa wani in je in zauna ƙarƙashin fanka kamar buhun masara? Kai, tashi ka ba ni wuri."

Karnukansa duk ya rabar wa abokan farauta, sai guda ɗaya da ya ƙi rabuwa. Kyalle ke nan, jan kare mai farin goshi. Sau biyu ana kai shi wani gari, sau biyu yana tsinke igiya ya dawo ya kwanta a gindin rumbu kamar bai je ko'ina ba. Tun yana ɗan kwikwiyo yake bin Mati gona, ya san hanyar fiye da 'ya'yan gidan. Wata safiya Mati ya lalubo tsohuwar igiyarsa ta rama, ya zura ta a zoben wuyan Kyalle, ya ninka biyu yadda ya saba, ya saɓa fartanya ya ce, "Mu je gona." Suwaiba ta bi su har bakin zaure tana salati. Kare ya yi gaba, tsoho na biye, sanda a ɗaya hannun. Suka wuce rijiyar bayan gari, suka bi ta gindin ɗorawa, suka tsallake 'yar ƙorama, sai ga ƙafar Mati a kan kunyar gonarsa. Ya tsuguna ya damƙi ƙasa ya shinshina. Ranar da hannu ya cire ciyawa, yana shafa kowane gindin masara kafin ya taɓa abin da ke kusa da shi, kuma bai tuge ko ɗaya bisa kuskure ba. To, ya tuge biyu, amma ya mayar da su.

Gari ya ɗauka. Makaho da kare! Wasu suka ce ɗabi'ar Turawa ce, wasu suka ce ƙazanta ce, dattijo mai salla ya yini da igiyar kare a hannu. Mati ya ce lokacin da yake yini da igiyar a daji ba su ga ƙazanta ba, don suna shan romo. Hannunsa kuma yana wankewa kafin alwala, mai shakka ya zo ya zuba masa ruwa da kansa. Masallaci da sanda yake lalubawa ta jikin katanga, kare na gida. Gona kuwa kullum sai sun je. Damina guda cur da rabin ta biyu suka yi a haka, ko tuntuɓen kirki bai yi ba.

Sai wata Talata, dawa ta yi tsawo har tana rufe mutum, gari ya yi lumshi tun safe. Sun tsallake ƙorama ke nan zomo ya tashi daga gefen hanya. Mati bai gan shi ba, da wane idon? Abin da ya ji kawai, igiya ta yi zillo a hannunsa. Kafin ya ce me, yatsun nan sun buɗe. Baki ɗaya ya tafi, igiya ta zare, Kyalle ya wuce kamar an harba shi.

Da a nan ya tsaya, da da sauƙi. Amma jinin nan na dā ya hau masa kai. Tsoho ya ɗaga sanda ya kurma ihu, "Kama shi, Kyalle! Kama shi, ɗan jan kare!" ya bi haushin a guje cikin dawar mutane, ganye na marinsa a fuska. Ya manta shekarunsa, ya manta idonsa, kuma maganar gaskiya rabon da ya ji daɗi irin wannan tun kafin asibitin Kaduna. Ya yi gudu mai ɗan dama kafin haushin ya yi nisa ya ɓace. Sannan ya tsaya yana haki, igiya a hannu, babu kare a jikinta.

Ina gabas, ina yamma? Babu rana balle ya ji ta a fuska. Kowace kunya ya taka irin 'yar'uwarta ce, kuma ba gonarsa ba ce da ƙafarsa za ta gane ta. Ya yi kira, ya yi fito, shiru. Ya ce bari ya bi kunya ɗaya har ƙarshe, dole ta fitar da shi wata hanya. Ta fitar da shi bakin kwazazzabon da ruwa ya zaizaye, ƙasa ta zame, ya tafi da baya. Ƙafa ta yi targaɗe, sanda ta yi nata wuri. Sannan aka kece da ruwa.

Kyalle kuwa ya yi aikinsa tsaf. Ya kama zomo, ya koma inda aka sake shi, ruwa ya wanke sawu, bai tarar da kowa ba, sai ya nufi gida. Suwaiba na tsaye a bakin ɗaki tana duban ruwa ta ga kare ya shigo shi kaɗai, zomo a baki, yana kaɗa wutsiya. Ihun da ta yi shi ya tara unguwa. Maza suka bazu cikin gonaki ana ta kira. Sai bayan la'asar Zubair ɗan acaba, maƙwabcinsu, ya leƙa kwazazzabo ya hango shi zaune cikin taɓo, jiƙe sharkaf, ya nannaɗe igiyar a hannu. Aka ciccibo shi aka ɗora a babur, aka ratsa gari da shi, kowa na kallo, kowa na cewa "Allah sarki." Wannan "Allah sarkin" ya fi targaɗen yi masa ciwo.

Murtala ya iso washegari da sassafe. Ya tsuguna gaban tabarma ya gaida mahaifinsa a gaggauce, bai ko jira ruwa ba.

"Baba, na yi haƙuri, na bi ka yadda kake so. Jiya da ruwan nan ya ƙara ƙarfi, gawarka za mu tsamo. Kare dabba ne, ya ga nama ya yar da kai. Zan zo da mota, kai da Inna ku koma wurina. Shi kuma karen, a ba wani ɗan farauta ko a kai wa masu sayen karnuka, duk ɗaya ne a wurina."

Mati ya ce, "Kare bai yar da ni ba. Ni na sake shi."

"Ka sake shi? Don me?"

"Oho. Hannun nan ne bai yi shawara da ni ba." Ya ɗaga shi yana jujjuyawa kamar na wani. "Kyalle bai yi laifi ba, abin da na koya masa ya yi. Hannun ma abin da na koya masa ya yi. Wautata ce, na ɗauki igiyar farauta na tafi gona da ita. Zan sake igiya."

"Haba Baba! Ana maganar ranka kana maganar igiya?"

"Ran nawa ne ko naka?"

Sai Suwaiba ta yi magana daga bakin ƙofa. "Malam, ka ji tsoron Allah. Ni ce na ga kare ya shigo babu kai." Muryarta ta karye a kan kalmar ƙarshe. Wannan ta taɓa shi. Ya saba da faɗanta, faɗanta ko a jikinsa, amma bai saba jin muryar nan ta karye ba.

Ya sassauta ya ce, "To ku ba ni zuwa Juma'a ta sama, ƙafar ta taku. Kai kuma ka zo da motar taka. Ka bi ni a baya har gona, ba magana, ba taɓa ni. In ban kai ba, zan shiga motar da ƙafata, ka yi yadda ka ga dama da kare da gonar." Murtala ya yarda, don a ransa ya riga ya gama shimfiɗa katifa.

Da ƙafa ta fara takuwa, ranar kasuwa Mati ya cire abin wuyan Kyalle ya sa a aljihu, ya ce Zubair ya kai shi rumfar Maitama. Maitama tsohon abokin farautarsa ne kuma abokin faɗansa, sun sha kai ruwa rana a kan zomo ɗaya. Gwiwa ce ta zaunar da shi, yanzu yana sayar da igiyoyi da takunkumin shanu, yana ɗan taɓa dukanci.

"A'a, Sarkin Kwazazzabo!" in ji Maitama tun daga nesa. "An ce ka tare can ƙasa, ko walima ba ka kira mu ba."

"Ramin da ka ɓuya na je dubawa, shekarar da gada ta kore ka. Yana nan, yana gaishe ka. Fito da igiyoyinka, ka riƙe baki ɗaya ka zama kare."

"Ni ne karen?"

"Duk kasuwar nan wa ya fi ka cancanta?"

Maitama ya yi dariya har da tari, ya miƙo masa igiyar roba, irin wadda ake ɗaure kaya a babur. Mati ya riƙe, Maitama ya fizga, ta zame ta ƙone masa tafin hannu. Ya yar da ita ya ce wannan in ta jiƙe santsi ce, in ta bushe wuƙa ce, za ta yanka wuyan kare ta yanka shi. Aka kawo ta kaba. Ya murza ya ce Kyalle zai tauna ta kafin su kai rijiya. Aka kawo sarƙa, wai irinta alhazai ke ɗaure karnukan ƙofar gida. Mati ya girgiza ta sau ɗaya ya ɓata fuska.

"Da wannan ƙarar zan ji hanya? Kunne kaɗai ya rage mini, shi ma so kake ka toshe? Kuma ba ɓarawo na kama ba."

Sai Maitama ya zaro wata daga ƙasan buhu yana taƙama, ta gwanjo ce, daga ƙasar waje, mai ƙugiyar ƙarfe, tana miƙewa tana komawa. Mati ya riƙe. Maitama ya taka hagu, ya taka dama, ya ja baya, Mati na tsaye bai ji komai ba sai da mutumin ya kusa fita daga rumfa.

"Munafuka ce wannan. Kare ya juya, sai ya yi taku uku take gaya mini. A taku uku ai na riga na faɗa rami."

"To ga rama, tsohuwar zumarka."

Mati ya karɓa. Sabuwar tufka ce, mai laushi, tana ƙamshin ruwan da aka jiƙa ta. Ya daɗe yana shafa ta, har yatsunsa suka fara ninka ta biyu da kansu. Da ya ankara sai ya ajiye ta a hankali ya ce, "Ita ce dai ba zan ɗauka ba. Hannuna ya san ta da yawa."

Ya zauna a kan benci ya faɗi abin da yake nema. Gajera, kada ta wuce kamu uku. Mai ɗan tauri, yadda ko kunne kare ya kaɗa zai ji a hannunsa. Wadda ruwa ba zai ruɓar da ita ba. Baki ɗaya a ɗinke shi a jikin zoben abin wuya, ɗinkin da ba ya kwancewa. Ɗaya bakin a lanƙwasa shi kamar munduwa, daidai wuyan hannunsa, yadda ba zai fita ba sai ya sa ɗaya hannun ya cire da gangan.

Dariyar Maitama ta ɗauke. "Mati, ka san abin da kake nema kuwa? Kare irin Kyalle in ya tashi, ba ka da nauyin tsayar da shi. Ko ya ɓalla maka hannu, ko ya ja ka a ƙasa. Shekara nawa muna gaya wa sababbin shiga kada mutum ya kuskura ya ɗaure kare a jikinsa?"

"Wannan dokar masu ido ce. Ɗinka."

Maitama ya ɗauko wata igiyar fatar shanu, kitso uku, wadda ta sha man kaɗanya, ya auna a hannun Mati, ya yanka, ya ɗinka. Da ya gama sai ya sake bin ɗinkin karo na biyu, ba wanda ya sa shi.

Ranar Juma'a da hantsi Murtala ya faka mota a ƙofar gida. Suwaiba ta riga ta ɗaure kayanta a zani biyu, ta ɓoye su bayan ƙofa, ita a ganinta mijin bai sani ba. Mati ya zura hannu a munduwar fata, ya saɓa fartanya, ya ce, "Mu je gona." Kare a gaba, tsoho yana ɗan ɗingishi, ɗansa a baya da takalmin birni. Har suka isa babu abin da ya tashi, ko ƙadangare.

"Ga ni a gona," in ji Mati.

Murtala ba maƙaryaci ba ne, kuma tsoronsa na gaskiya ne. Ya ce, "Ka kai, Baba. Amma yau babu zomo. Ranar da ya tashi fa?"

Mati ya gyaɗa kai. "Ka yi gaskiya. Ba a yi komai ba tukuna."

Ya ajiye zancen a nan, ya ja Kyalle zuwa iyakar gona ta gabas, inda saurar maƙwabci ta yi duhun ciyawa. Akwai zomon da ke cin ganyen wakensa ta wannan gefen, ya sha taɓa kashinsa a tsakanin kunyoyi, kuma mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a daji ya san inda zomo ke kwana da hantsi. Ya tsaya, ya gyara ƙafa, ya ɗaga sanda ya maka wa ciyawar. Shiru. Ya matsa taku biyar ya sake makawa.

"Baba, me kake yi? Baba!"

A bugu na uku ya tashi. Kyalle ya yi tsalle da dukan ƙarfinsa. Murtala na kallo da idonsa yatsun mahaifinsa suka buɗe, duka biyar, kamar yadda suka saba. Amma wannan karon babu abin da ya zare. Munduwa ta cije wuyan hannu, ta fizge tsoho daga ƙasa, ya kifa da fuska, kare ya ja shi kunya ɗaya, kunya biyu, waken na karyewa a ƙarƙashinsa. Murtala ya sheƙo a guje.

"Kada ka taɓa ni!"

Da ƙasa cike da baki ya faɗa, amma ta fito sarai. Murtala ya ja birki, hannuwansa a miƙe.

Igiya ta miƙe tam. Kyalle na tsaye da ƙafafun baya yana kakari, yana kuka, zomo na ƙara nisa. Mati ya ɗago kai. Kalmar da ya saba faɗa tana bakinsa, har ta fara fitowa, ya haɗiye ta.

"Bari, Kyalle," ya ce. "Bar shi ya tafi."

Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ce wa kare ya bar nama ba, kuma wannan ta fi jan da aka yi masa a ƙasa zafi. Kyalle ya ƙara fizga sau ɗaya, ya ji nauyin mutum a wuyansa, ya waiwayo. Ya dubi daji, ya dubi tsohon da ke kwance. Sannan ya dawo a hankali, wutsiya a ƙasa, ya tsaya jikin kafaɗarsa yana haki. Mati ya dafa bayansa ya miƙe. Leɓe ya fashe, goshi ya kwaile, wuyan hannu ya yi jawur. Ya tofar da ƙasa da jini, ya juya kunne wajen da zomon ya bi.

"Ya tafi?"

"Ya tafi, Baba."

"Babba ne?"

"Babba ne."

"Kai, asara!" Ya goge baki da gefen riga. "To ka gani. Zan faɗi, wataƙila in sake faɗuwa, shi da ni duk sai mun koya. Amma inda na faɗi nan kare yake, kuma a gonata na faɗi. Ka je ka ce wa uwarka ta kwance ƙunshin nan nata na bayan ƙofa."

Murtala ya share ido da hannun riga, ya ja hanci a hankali don kada a ji, aka kuwa ji.

"Fartanyata ta faɗi wajen nan," in ji Mati. "Miƙo mini ita. Wannan kaɗai na yarda ka yi mini."

Murtala ya ɗauko ta daga cikin waken, ya kakkaɓe ƙasar da ke jikin ƙotar, ya sa masa a hannu. Bayan an sauko daga masallaci motar ta koma Funtuwa da shi kaɗai.